Inda Ƙafar Maifito Ta Taɓa

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin salla. Jikata Ummi ce ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana, domin tun ba a haifi uwarta ba mata ke barin tuwo a kan wuta su zo jin labari a bakina.

Muna Dubai, a wani dogon bene kusa da Port Saeed, inda jiragen katako ke lodin kaya. Ɗana na fari ne ya kawo ni shekarun baya don a duba mini gwiwa. Gwiwa ta yi sauƙi, shi kuma ya ƙi mayar da ni. Watan jiya ya fita aiki tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da safe, ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin kwantenoni, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Zuciya ce, in ji likita. Aka ajiye shi a ɗakin sanyi kafin a gama da hukuma, sannan aka zo aka durƙusa a gabana da tambaya guda: a sa shi a jirgi a kai shi gida, ko a rufe shi a nan? Kowa ya ce maganar tawa ce.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa, "Kai, Hajiya akwai tawakkali." Ina jinsu, ban musa ba, amma ba tawakkali ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ka mintsine ta ka ji kamar ta wani ce. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, shayi yana hucewa a gabana, a ɗauke a kawo wani, shi ma ya huce. Abin da ke zuwa mini kawai shi ne ƙaurin hayaƙin kara, da muryar kakata Iya Ladi.

Garinmu ɗan ƙarami ne, a bakin kogin nan da ya ratsa Wudil ya gangara Ringim. Da rani yaro ma yana ƙetare shi da ƙafa, rairayi ne fari fat da 'yan kududdufai. Amma idan damina ta zauna sai ya tashi ya zama wani abu daban, ja wur, yana jan itatuwa da matattun awaki, mutumin da ke tsaye a ɗaya gaɓar ka hango shi kamar tsinke. A lokacin ne mazan gidanmu ke da daraja. Mu ne masu fito, wato masu ƙetarar da mutane ruwa. Sunan da muke ɗauke da shi ke nan har yau, Maifito.

Ga yadda ake yi, don yaran yanzu sun ɗauka jirgi ne. Gora ce babba, wadda ƙato ba ya iya zagaye ta da hannuwansa. A jefa ta a ruwa, mai ƙetarewa ya ɗora ƙirjinsa ta wannan gefe, mai fito ta wancan gefe, fuska da fuska. Ya kama damtsenka, ka kama nasa. Shi ke harba ƙafa, kai naka riƙo ne da salati. Kuma ba ya sakinka don ya ga gaɓa ta matso. Sai ya tambaye ka, "Ta taɓa?" Ka lalubi ƙasa da yatsun ƙafa, ka ji laka, ka ce, "Ta taɓa." Sannan ya saki. Ya juya da gorarsa, ba sallama, ba waiwaye, domin akwai wasu suna jira.

Idan an idar da sallar isha'i, mu yara ɗakin Iya Ladi muke taruwa. Wuta ba ta mutuwa a ɗakinta da damina, saboda sauro, saboda kuma jiƙaƙƙun bantunan maza da ake shanyawa. Gorunan fito suna rataye a sama, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin, ita ta ce hayaƙin ne ke hana ƙwari cin su. Mukan tura ɗanyar masara cikin garwashi, muna rigimar wa ya ɗauki ta wa. A waje kwaɗi na ta kuka, a bayan kukan kwaɗin kuma kogi na tafiya, ba ya hutawa. Ita tana zaune a kan 'yar kujera tana kaɗi, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, ba ta ko kallonsa.

Ba tsohuwa ce mai lallashi ba. In ka tare mata haske sai ta ce, "Kai mai kan tulu, ubanka ne ya hura wutar?" Ni kuwa Rabi mai bakin aku take ce mini, don duk tatsuniyar da ta yi yau, gobe na kai ta bakin rijiya har da ƙari.

Wata rana na bi yayata kasuwa, wata yarinya 'yar masu rini ta dube mu ta ce, "Ga 'ya'yan kwaɗi nan, ubanninku a ruwa suke kwana." Na dawo ina kumbure-kumbure, na ƙi cin masara. Iya Ladi ta sa aka gaya mata abin da ya faru. Ta ajiye mazari, abin da ba ta cika yi ba.

"'Yar masu rini ce ta ce miki kwaɗo? Wadda hannun ubanta ko ranar salla baƙi ne? To ku matso. Ta yau ba irin wadda ake cewa ta zo mu ji ta ba ce. Wannan ita ce ta zo da ku."

Ta ce a can farko akwai wani mutum, Tanko, matalauci, gonarsa na bakin kogi. Ya shuka duma don matarsa ta samu ƙore, duman ya ƙi tsayawa inda duma ke tsayawa, ya yi ta girma har ya zama abin dariya. Ba ya fafuwa ya zama ƙwarya, ba ya ratayuwa ya zama gorar ruwa. Mutane suna wucewa suna cewa, "Tanko, yaushe za ka tare a ciki?" Ana nan, wata damina kogi ya cika ya batse, ayarin fatake ya zo ya tsaya cirko-cirko a gaɓa, guzurinsu na ƙarewa, jakuna na mutuwa. Tanko ya mirgino gora ɗaya ya jefa a ruwa, ya ga ta ƙi nutsewa. Ya hau, ta ɗauke shi.

Da ya kai tsakiya, in ji Iya, sai kogin ya yi magana. A nan takan sauke murya, ta yi ta kauri, har ƙananan cikinmu su rarrafa su shige bayan manya.

"Tanko, na ga ba ka tsorona. Zan ba ka hanya, kai da 'ya'yanka da 'ya'yan 'ya'yanka. Ku ɗauki mai rai ku ƙetare da shi, da shi da kayansa, ba zan taɓa ku ba. Amma wanda kwanansa ya ƙare a wata gaɓa, wannan gaɓar ce tasa. Kada ku ɗoro mini shi."

Tanko ya ce ya ji. Ya ƙetarar da fatake ɗaya bayan ɗaya, suka tafi suna ba da labari a zango-zango cewa in ka isa kogin nan ka nemi mai fito. Sunan Tanko ya ɓace, Maifito ya zauna. Ya yi arziki, ya haifi maza, duk suka shiga ruwa.

Sai wata shekara babban ɗansa ya kai mutum ƙetare, yana sakinsa, shi ma ya taka gaɓa don ya huta, maciji ya sari ɗan na Tanko a cikin ciyawa. Kafin rana ta faɗi ya cika. Mutanen can suka ƙwalo kira ta saman ruwa, suka ce za su yi masa sutura su rufe shi. Uwarsa ta faɗi tana birgima, ta ce ɗanta ba zai kwanta a cikin baƙi ba, a kawo mata shi bayan ɗakinta inda za ta riƙa ganin ƙasarsa. Tanko ya tuna mata alkawari. Ta ce, "Da ruwa ka yi alkawari, ni kuwa da ciki na ɗauke shi." Ta yi ta yi, har ya ɗauki gora.

Ya je, aka ɗora masa gawar, ya kama damtsen ɗansa. Amma fito riƙo biyu ne, ka riƙe a riƙe ka. Gawa ba ta riƙo. Suna kaiwa tsakiya ruwa ya juya gorar, hannu ya suɓuce. Tanko ya nutsa ya fito, ya nutsa ya fito, har ƙarfinsa ya ƙare. Ya dawo da gora kaɗai.

"Ga shi nan," in ji Iya Ladi, ta ɗauki mazarinta. "Da ta haƙura, da tana da kabari a ƙetare, ko da rani ta taka ta je kusa. Ta ce sai a bayan ɗaki. Ba ta samu na bayan ɗaki ba, ba ta samu na ƙetare ba."

Na ce, "Iya, to ba a gan shi ba?"

"Bakin aku, bari in kai. Ƙannensa suka ɗauki gorunansu suka bi ruwa suna nema. Wannan ya gaji a nan, ya ga mashigi da mutane na jira, ya zauna ya yi aure. Wancan ya ƙara gaba, shi ma ya gaji. Har yau neman ake yi. Shi ya sa duk inda kika ji an ce Maifito, ki duba, akwai ruwa kusa. Ba a samunmu a tudu. Kuma tun daga ranar, namu inda ya faɗi nan ake rufe shi, ba a ƙetare ruwa da shi. Ku tashi ku ba ni wuri, masarar ma kun ƙona."

Da na girma na ga gaskiyar rabin maganarta da idona. Mu ba mu da yawa. Ba kamar maƙera ko wanzamai ba, da kowane gari ke da nasa. Gari ba ya bukatar mai fito sai yana da kogin da ya fi ƙarfin ƙafa, kuma gida ɗaya ya ishi mashigi ɗaya. Akwai namu a wajen Ringim, akwai a Haɗeja, na taɓa zuwa biki gidan wasu a Gashuwa, sun ce nasu sun kai har bakin tafkin Chadi. Waɗanda suka bi fataken goro kuma sun yi yamma, ana jin ɗuriyarsu a Yawuri da Gaya ta Nijar, har can ƙasar Gana. A Makka na haɗu da wata baƙar tsohuwa daga Sudan, Hausarta duk ta karye, amma da aka kira sunan gidansu sai na kama hannunta na ce, "Ta taɓa?" Ta zuba mini ido, can ta ce, "Ta taɓa." Kakanta ne ya tafi hajji a ƙasa, ya iske kogi a hanya, ya zauna.

Gada ce ta kashe sana'ar. Da aka ɗora ƙarfe da siminti a kan kogi, gora ta koma wurin zuba hatsi. Mazanmu suka watse, wasu tuƙin mota, wasu dako, wasu kamasho a tasha, duk dai ɗaukar wani ne a kai shi wani wuri. Da yawa suka yar da sunan, musamman da aka fara kiran masu satar shigo da kaya ta kan iyaka 'yan fito. Suka koma amsa sunan gari ko na uba. Mijina bai yar ba. Ɗan baffana ne, tare muka ci ƙonanniyar masara a ɗakin Iya Ladi, don haka ni Maifito ce gaba da baya. Shi ya sa wa 'ya'yansa sunan a makaranta, da shi ɗana ya yi fasfo, da shi ya zo ƙasar nan yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Nakan ce masa, "Duk tsiyarka dai fito kake yi, gorar ce ta zama ta ƙarfe."

Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba. Yana yaro ina cewa "wannan", da ya haihu na koma cewa Baban Ummi. Ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa yana ji ba. Haka aka yi mu. Ranar da na sauka a filin jirgin ƙasar nan, muka zo wurin matattakalar nan mai tafiya da kanta, na ja na tsaya, na ce ba mai sa ni hawa abin da ba ya tsayawa a gaisa. Mutane na ta ratse mu. Sai ya juyo ya ba matattakalar baya, ya kama damtsena biyu, ni ma na kama nasa ban sani ba, muka tafi fuska da fuska, Larabawa da Indiyawa na kallo. Da muka iso ƙasa ya ƙi saki.

"Hajiya, ta taɓa?"

"Sake ni, ja'iri, mutane na gani."

"Sai kin faɗa."

"Ta taɓa."

Rabona da riƙe shi haka tun yana goye. Ya taɓa kai ni wani gari wai shi Hatta in ga ruwa a tsakanin duwatsu, wai don kada kewar kogi ta dame ni. Na ce masa wannan ruwa ne da aka ɗaure, ba ya zuwa ko'ina. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

To shi ne aka ajiye a ɗakin sanyi, ake jiran bakina.

Falon ya cika da abokan aikinsa da 'yan kasuwa. Matarsa Binta tana gefena a cikin hijabi, tun da abin ya faru ba ta haɗa kalma biyu ba. An tambayi malami, ya ce gaggauta rufewa shi ya fi, amma in iyali sun ga dalilin kai shi gida, ba zai ce sun yi saɓo ba. Ya mayar mini da ƙwaryata. Ɗana Sani, ƙanen mamacin, kuma yana ta kira daga Kano, aka sa wayar a tsakiyar tabarma kowa na ji.

"Hajiya, don Allah ki ce a kawo Yaya. Akwai wuri kusa da Baba, na je na gani da idona. Dangi duk sun taru. Ya za a ce mun bar shi a ƙasar da ba mu da kowa?"

Ba zan ɓoye ba, abin da raina ke so ke nan. Ina ganin wurin a idona, ƙarƙashin tsamiya, inda in na fito ƙofar gida zan hango katangar maƙabartar. Na san zamana a nan ya ƙare, domin bizata a ƙarƙashin tasa take. In aka rufe shi a nan, zan tafi in bar shi, kuma irina ba ta sake dawowa. Har na buɗe baki.

Sai amininsa Alhaji Mudi ya gyara zama. Mutumin kirki ne, so yake ya sauƙaƙa mini.

"Hajiya, ki ba da umarni kawai, khalas, shi ke nan. Wannan aikinmu ne, kullum shi muke yi. Za a yi masa allurai don kada ya canza, a sa shi a akwati a liƙe, a auna, a ba shi lamba. In ba a samu jirgi kai tsaye ba, sai ya sauka a wata ƙasa ya jira na gaba. Kayan kago ba sa..."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sunkuyar da kai yana cewa, "Astagfirullah, Hajiya ki yafe ni."

Ban ji haushinsa ba. Ban ji komai ba. Na dai ga ɗana a cikin akwati, a wata ƙasa da ba tamu ba, ba kuma wadda ya faɗi a cikinta ba, a tsakanin katan-katan na mutane, yana jiran jirgi. Ba ya wannan gaɓa, ba ya waccan. Ba mai riƙe da damtsensa, shi ma ba ya riƙe da na kowa.

Ummi tana tsaye a bakin ƙofar kicin. A ƙasar nan aka haife ta, a nan take jami'a, ita za ta zauna ta ƙarasa ko mun tafi. Ta ce a hankali, "Kaka, in kun tafi da shi, ni wa ya rage mini a nan?"

Na ce, "Ku rufe shi a nan."

Sani ya ce, "Hajiya, na san abin da kike tunawa. Tatsuniya ce fa. Labarin gora ne da kogi mai magana. Yanzu jirgin sama ake magana."

"Tatsuniyar ce ta ba ka sunan da kake amsawa."

"Hajiya, Yayana ne. Ko fuskarsa ban gani ba."

"Na sani. Ni na haife ku duka. Inda ya faɗi nan ne nasa. Ku yi masa salla daga nan, Allah na ji."

Ya kashe wayar ba sallama. Har yau in ya kira gaisuwa ce kawai, a taƙaice, sai ya ce a ba shi Binta. Ban ga laifinsa ba. Matar Tanko ma ban taɓa ganin laifinta ba, ko da ina yarinya.

Da hukuma ta ba da izini, maza suka je suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi bayan la'asar, suka kai shi. Mata ba sa bin gawa, don haka ban ga wurin ba. Alhaji Mudi ya dawo da rairayi a takalminsa, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, an rufe shi lafiya. Maƙwabcinsa na dama ɗan Pakistan ne, na hagu ban san ƙasarsa ba." Na ce Allah ya ba su haƙurin zama da juna. Na kalli rairayin da ya zubo a kan kafet. Fari ne, irin na kogin garinmu da rani. Binta ta zo za ta share, na ce ta bari tukuna.

Da aka fara haɗa mini kaya, na ce wa Ummi ta kai ni bakin ruwan nan da ya raba unguwar Deira da ɗaya ɓangaren garin. Ba kogi ba ne, hannun teku ne ya shigo, ruwan gishiri, ba ya jan itace ba ya jan akuya. Amma akwai masu fito. Ƙananan jiragen katako ne da suke kira abra, mutane su zauna baya da baya, matuƙi a tsakiya. Matuƙinmu wani siririn mutum ne mai furfura, ya naɗe kai da ƙyalle, yana cewa "Yalla, yalla," wato a yi sauri, ba ya kallon fuskar kowa. Muka ƙetare. Ina ta jira in ji wani abu, tsoro ko kewa ko kuka. Ƙarar inji kawai na ji, da warin man jirgi.

Da muka isa, jirgin na rawa, gwiwata ta ƙi ba ni haɗin kai. Ummi ta riga ni hawa dakali, ta juyo ta kama damtsena biyu. Ban taɓa koya mata ba. Ashe uban ya koya mata.

"Kaka, ta taɓa?"

Na ce ta taɓa. Ta saki. Na waiwaya, mai jirgin har ya tura da ƙafa ya juya, ya ba mu baya, wasu na jiransa a can.

Ina yarinya na ɗauka labarin Iya Ladi na tsoron kogi ne, kada ka saɓa wa ruwa ya cinye ka. Da na yi aure na haihu, na ɗauka gargaɗi ne ga uwa, kada son zuciyarta ya sa ta yi biyu babu. Yanzu da nake zaune a tsakanin akwatuna, ina ganin akwai wurin da tsohuwar ta tsallake, ko don mu yara ne, ko don ita ma ba ta iya faɗa ba. Kullum labarin a kan tafiya yake, yadda ake riƙewa, yadda ake tambaya, yadda ake saki. Ba ta taɓa gaya mana yadda mai fito ke komowa ba. Shi kaɗai, ruwan nan dai da ya ratsa shi zai sake ratsawa, gora a ƙirji, ɗaya gefen ba kowa. In ya iso kuma ba mai tambayarsa ko tasa ƙafar ta taɓa.

An ce neman gawar ɗan Tanko ne ya watsa mu a bakin ruwaye. Wataƙila. Ni dai na san yanzu duk garin da ka ji akwai Maifito, akwai wani namu a ƙarƙashin ƙasarsa, akwai kuma wata da ta juya ta tafi ta bar shi. Haka muke samun gari. In wani ya tambayi Ummi inda ake samun masu sunan nan, ta lissafa masa Ringim da Haɗeja da Yawuri, ta ƙara da Dubai. Muna da ƙasa a nan yanzu, tsawon mutum ɗaya.

Ummi ta ɗago tana tambayata ko shi ke nan. Saura kaɗan. Na ce ta rubuta abin da ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, ta rubuta shi da kyau, yadda za a iya karantawa.

Haruna. Haruna Maifito, ta taɓa. Na saki.

Har yanzu ban yi kuka ba. Hannuwana ne kawai ke ciwo, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, irin ciwon wanda ya daɗe yana riƙe da abu mai nauyi.